Babi na Huɗu: Kafin a Kira Bakanike

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna, kuma ba a jima ba 504 ta mamaye ko'ina: ita ce motar ofis, ita ce ta alhazai, ita ce ta tasha. Yawancin ogannin gareji masu furfura a yau a kanta suka koyi aiki, su kuma suka koyar da yaransu abin da suka gani. Mota ce mai haƙuri. Kafiretonta a gindin bishiya ake kwance shi a wanke da fetur, wayoyinta ba su taka kara sun karya ba, kuma ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta ƙone. In an zuba mata mai mai kauri ta sha, in an cika lagiretonta da ruwan rijiya ta kama hanya.

Motocin da suka cika titunanmu yanzu wani iri ne daban. Corolla, Camry, Accord, Golf, Sharan da Sienna, akasarinsu gwanjo ne daga Amurka da Turai, sun sauka a Legas ko Kwatano. Injin da yawa daga cikinsu na sanholo ne, hanyoyin mai a cikinsa sirara ne, kuma wata ƙaramar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira biren bos, ita ke auna yawan fetur da iskar da ke shiga. Mota ta sauya, amma al'adun gyara da yawa suna nan inda 504 ta bar su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kowane kuskuren gyara ya ƙara tsada.

Shi ya sa aikin da mai mota zai yi a ƙofar gidansa ya wuce tsimin kuɗin bakanike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakanike sai ta lalace yake ganin mota, kai kuwa kullum kana tare da ita. Yawancin abin da ke kashe inji ƙanana ne, masu arha, waɗanda ido da hannu da littafin mota ke iya tarewa. Ba aikin ƙarfi ba ne, don haka malamar makaranta mai Corolla za ta iya duk abin da ke cikin babin nan kamar yadda direban tasha zai iya.

Littafi da 'yar jakar kayan aiki

Kowace mota da littafinta take fitowa daga kamfani. Ta gwanjo kan iso ba shi, amma kusan duka ana samun su a intanet, yawanci kyauta, in ka san sunan motar da shekararta. A ciki aka rubuta irin man da injin ke sha, lita nawa, awon iskar taya, da inda kowane fiyus yake. Ko da Turancin ya yi maka nauyi, lambobi da zane-zane sun ishe ka. Wasu bayanan ma a jikin motar suke: irin mai a kan murfin da ake zuba shi, awon iska a wata takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba.

Kayan aikin ba su da yawa. Sifanu masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17 sun rufe yawancin notocin motar Japan. Ka haɗa da sukundireba biyu, mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, tocila, mazurari, tsummoki, gejin taya naka na kanka, da 'yar mitar awon wuta. Jak da sifanar taya suna cikin but, amma a duba su tun kafin ranar buƙata, don sau da yawa a kan hanyar daji mutum ke gano cewa safayarsa ba iska. Abu na ƙarshe shi ne ƙafafun ƙarfe biyu da ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga ta. Za mu zo kan dalilinsu.

Ruwa da zafi

Ka ware safiya ɗaya a mako, kafin a tayar da mota, ka buɗe bonet. Fara da kallon ƙasa, inda ta kwana. Baƙin ɗigo man inji ne, ja yawanci man giya ne ko na sitiyari, kore ko ruwan hoda ruwan lagireto ne. Farin ruwa zalla a wajen kujerar mai zaman banza na kwandishan ne, ba komai. Sai ka zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin biyu. In ya koma fari-fari mai kumfa, ruwa na shiga cikinsa, kada a tayar da motar sai bakanike ya gani.

Lagireto shi ne inda tsohuwar al'ada ta fi yin ɓarna. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da sinadaran ƙasa, kuma idan suka yi ta tafasa sai su bar ɓawo a cikin siraran bututun lagireto, kamar farin dattin nan da ke taruwa a gindin tukunyar mai shayi. Sannu a hankali hanyar ruwa ta toshe, famfon ruwa ya yi tsatsa, sanholon injin ya fara cinyewa. Ruwan lagireto na kanti, mai launi, yana ɗauke da maganin tsatsa kuma yana jure zafi fiye da ruwa zalla. In hanya ta tsare ka, zuba ruwa mai tsabta ka isa gida, amma kada ya zama abincin motar na kullum. Murfin lagireto ma yana da aiki: shi ke riƙe matsin da ke sa ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robarsa ta tsage, mota za ta riƙa zafi ko da komai nata lafiya, ga shi kuwa yana cikin abubuwa mafi arha a jikinta. Sai dai kada a taɓa buɗe shi inji na da zafi. Mutane da dama sun rasa fatar fuska da ta hannu a bakin hanya saboda gaggawar minti goma.

Sai maganar tamostat. Duk wanda ya sayi motar gwanjo ya taɓa jin wannan a gareji:

"Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Bari a cire, a haɗa fanka dairet, ka huta."

Maganar tana da daɗin ji, musamman a watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40. Amma tamostat ƙofa ce da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wato wajen digiri 90, sannan ta buɗe ruwan ya zaga lagireto. In aka cire ta, injin ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu. Kwamfuta kuma, ganin inji da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Ka ga shan mai ya ƙaru, rarar fetur ɗin kuma tana wanke man da ke jikin silinda, ringi na cinyewa. A wasu injinan ma cire ta kan sa wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba. Motar da ke zafi tana da dalili: ko lagireto ya toshe, ko fanka ba ta tashi, ko murfi ya mutu, ko akwai yoyo, ko tamostat ɗin ce ta maƙale a rufe. In ita ce, sabuwa ake sawa. Amsarka a gareji gajera ce: "Oga, a bar ta. In ta mutu a sauya, mu nemo abin da ke kawo zafin."

Juye da hannunka

Juye, wato sauya man inji, shi ne aikin da ya fi dacewa mai koyo ya fara da shi, kuma amfaninsa na farko shi ne ka san abin da ya shiga injinka. Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 da 20W-50, kaurin mai suke nunawa: ta farko yadda yake gudana da sanyi, ta biyu yadda yake in ya yi zafi. Tsofaffin motoci 20W-50 suke so. Corolla ta tsakanin 2003 da 2008 kuwa 5W-30 kamfaninta ya rubuta mata, Accord ta wannan zamanin kuma 5W-20. Injinan nan suna amfani da matsin mai wajen sarrafa buɗewar bawul, ta wasu ƙananan ramuka masu 'yar rariya. Mai mai kauri yana jinkirin isa can da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. In inji ya tsufa har yana shan mai, ana iya ƙara kauri mataki ɗaya bisa shawarar wanda ya sani, amma ba a tsallaka daga farko zuwa ƙarshe don kawai a nan ana zafi. Ka sayi mai a galan rufaffe daga gidan mai ko dila sananne. Na awo a kwalba a bakin titi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Ga yadda aikin yake. Ka tayar da motar kamar minti biyar don man ya saki jiki, sai ka kashe. Ja birkin hannu, sa dutse ko katako a bayan tayoyin baya, ɗaga gaba, ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe. Noti ɗaya ne a gindin kaskon mai, 14 a yawancin Toyota, 17 a Honda. Ka tabbata kaskon inji ne, don na giya yana kusa kuma sun yi kama. Sassauta da sifana, ka ƙarasa da yatsu kana ɗan danna notin ciki, har ka ji zaren ya ƙare, sannan ka janye hannu da sauri. Man da farko tsartuwa yake yi gefe, saboda haka a ajiye roba ɗan nesa da saitin ramin, a riƙa matso da ita yayin da ya rage ƙarfi. In ya koma ɗigo, goge bakin, sa sabon wosha, ka mayar da notin da yatsu tukuna. In ya ƙi tafiya da yatsu, ya hau karkace, kada ka tilasta shi. Ɗaurin kuma daidai wa daida. Wanda ya taka sifana da ƙafa shi ke cinye zaren kasko.

Filta da hannu ake ɗaure ta. In ka kwance tsohuwar, duba ko zoben robarta ya fito tare da ita, don wani lokaci yakan manne a jikin inji. Zobe biyu a kan juna yana iya zubar da man mota gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Shafa sabon mai da yatsa a kan zoben sabuwar, juya ta har ta taɓa jiki, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Zuba mai, yawancin ƙananan motoci wajen lita 4 suke ci. Tayar da mota, ka ga jar fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, leƙa ƙasa ko akwai yoyo, kashe, jira kaɗan, ka sake aunawa. Cika fiye da alama ba alheri ba ne, kumfa yake sa man ya yi.

Littattafan mota sukan ba da tazara biyu, ta hanya mai sauƙi da ta hanya mai wahala. Ƙura, zafi, cunkoso da gajerun tafiye-tafiye duk a ta biyun suke, wato mu ke nan. Kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ma'auni ne mai kyau. Tsohon man kuma kada a zuba shi a kwata ko a bayan gida, musamman inda akwai rijiya. A ɗura a galan a kai wa masu juye, suna da masu saye.

Ƙura da taya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, kuma duk abin da hancinka ya shaƙa injin ma ya shaƙa. Filtar iska tana cikin wani baƙin akwatin roba mai ƙugiyoyi, ana buɗe shi ko ba sifana. Ɗaga ta saitin rana. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Ana iya kakkaɓe ta a hankali sau ɗaya ko biyu, amma ta takarda ba a wanke ta, kuma iskar mai faci mai ƙarfi tana huda ta ta inda ido ba ya gani. Mafi muni shi ne a cire ta a yi tafiya haka, don ƙurar da ta shiga silinda tana cin ƙarfe. In za ka mayar, tabbata murfin ya zauna daram ta kowane gefe.

A wurin mai faci ma akwai gadon da ya kamata a ajiye. In ka ce masa ya sa yadda ya saba, sau da yawa 45 ko 50 zai ɗura, wai don ta ɗauki kaya. Takardar ƙofar direba kuwa a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 take cewa. Babbar lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taka kwalta, birki ya rage kamu, ramuka su fi dukan ƙafar mota. In ta yi kaɗan, taya ta yi ta lanƙwasa tana zafi har ta fashe, ga ƙarin shan mai. A auna da safe kafin a yi tafiya, da gejinka.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai cinye ba. Tayar gwanjo mai kyan gani tana iya zama ta girmi ɗanka na firamare.

Wuta da fitilar da ke tsorata mutane

Mota ta ƙi tashi da safe, sai ƙas-ƙas-ƙas. Kafin a ce batir ya mutu, a duba kawunansa. Farin gari ko kore da ke taruwa a kai yana hana wuta wucewa. Cire waya mai alamar ragi tukuna, sannan mai alamar tarawa. Wajen mayarwa kuma mai ragi ce ta ƙarshe. Dalili shi ne duk jikin mota a haɗe yake da ɓangaren ragi, don haka in ka fara da ɗayan, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi a kan batir mai fitar da iska mai kamawa da wuta. Wanke kawunan da ruwan ɗumi da ɗan bakar soda, ka goge, ka ɗaure, ka shafa giris kaɗan. Mita za ta gaya maka sauran: batir mai cikakken caji, mota a kashe, wajen 12.6 yake nunawa. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, matsalar a altaneta take ko bel ɗinta, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi.

Akwai gwajin da wasu masu rewaya ke yi har yanzu, su cire kan batir mota na aiki don su ga ko za ta mutu. A tsohuwar mota ana sha da shi. A motar kwamfuta kuwa batir ne ke shanye hawa da saukar wuta, kuma cire shi na iya ƙona biren bos ko altaneta nan take. Kada ka yi, kada ka bari a yi maka. Haka fiyus: in ya ƙone, mai lambarsa ake mayarwa. Launi ma na nunawa, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin wayoyi. Wanda ya naɗa masa waya ko takardar sigari ya mayar da wutar cikin dashbod. In sabo ya sake ƙonewa, akwai inda waya ta goge, aikin mai rewaya ne.

Sai fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda wasu ke rufewa da baƙin salatif, wasu ma a cire musu ƙwanta kafin su sayar da mota. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Ma'ana kusan duk motar gwanjo da ke hannunmu tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura, ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, da ake sokawa a nan ta yi magana da wayar hannu, ta fito da lambar abin da kwamfutar ta gani. P0171 na nufin iska ta fi fetur yawa a cakuɗen. P0420 na nuni ga matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi. P0300 inji na tsallake wuta, P0301 kuma a silinda ta ɗaya ne.

Lambar tana nuna unguwar da matsala take, ba ta kama mai laifi. A ce ta ba ka P0302, mota na kakkarwa. Silinda ta biyu ce, amma fulogi ne, ko kwayil, ko nozul? A injin da kowace silinda ke da kwayil ɗinta, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da ita. Kashe mota, cire kwayil ta biyu da ta uku, ka musanya musu wuri, goge lambar, ka zaga unguwa. In ta dawo P0303, ciwon ya bi kwayil, ita kaɗai za ka saya. In ta tsaya a P0302, kwayil ba ta da laifi, sai a duba fulogi. Minti ashirin ke nan, kuma sun raba ka da sayen kwayil huɗu da fulogi huɗu a kan zato. Abu guda: in fitilar tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, fetur ɗanye na shiga salansa yana ƙona indomi. A rage gudu, a nemi wurin tsayawa.

Inda hannunka zai tsaya

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kada wani sashe na jikinka ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na daƙiƙa ɗaya. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, yakan ruguje ba gargaɗi. Ƙofar gida mai yashi tana nutsar da jak, sai an shimfiɗa faffaɗan katako. Sauran haɗurran na tsakar gida ne: murhu ko gawayi na ci a kusa da inda aka buɗe fetur, zuƙo mai da baki ta tiyo, barin mota na aiki a rufaffen gareji inda hayaƙi marar wari ke kashe mutum yana zaune. Ruwan lagireto yana da zaƙi kuma guba ne, saboda haka kada a ajiye shi a gorar lemo inda yara ke wasa, kada kuma a bar shi a ƙasa dabbobi su lasa.

Wasu ayyukan kuma a bar wa masu su, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duba man birki da kaurin takalmin birki naka ne, amma buɗe bututun birki da fitar da iska sai tare da wanda ya iya, don kuskure a nan ba a gareji ake gano shi ba. Bel ɗin taimin in ya kauce da haƙori kaɗan, a injina da yawa fistin zai daki bawul. Cikin giyar otomatik, sifirin ɗin ƙafa da ke a matse, gas ɗin kwandishan, da wayoyi masu rawayar soket na jakar iska duk ba na gida ba ne. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Prius, suna da wayoyi ruwan lemo masu wutar da ke kisa. Tukunyar gas ta CNG da ake ta sa wa motoci tun bayan cire tallafi tana ɗauke da matsi mai tsanani, ba a taɓa ta sai a cibiyar da aka amince da ita.

Kasuwa da gareji

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, kaya iri uku za a nuna maka: sabo na asali, Beljiyam wanda aka ciro daga wata motar, da sabo mai arha wanda kwalinsa ya fi cikinsa kyau. Ka tafi da tsohon abin a hannu, da lambar jikin motarka mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, domin mota ɗaya a shekara ɗaya tana iya zuwa da inji iri biyu. Kik, altaneta, kwayil da fitila, Beljiyam mai kyau yakan fi sabon jabu, in mai shago ya yarda a gwada a dawo. Abin da ke cinyewa kuwa, wato filta, bel, fulogi da takalmin birki, sabo ake saye.

Ka ajiye ƙaramin littafi a aljihun mota. Duk abin da aka yi, rubuta rana, kilomita, irin mai, da abin da aka sauya. Ranar da aiki ya fi ƙarfinka, da shi za ka shiga gareji, kuma maganarka za ta bambanta da ta mai cewa mota dai ba ta jin daɗi. Za ka ce: "Oga, ƙarar daga ƙafar gaba ta dama take, sai na karya kwana hagu take fitowa, kuma wata biyu ke nan da sa takalmin birki." Ka rage masa rabin aiki, ka kuma rufe ƙofar a-sauya-a-gani, wadda ita ce ta fi cin kuɗin masu mota. Ka nemi a nuna maka abin da ya lalace kafin a saya, a kuma ba ka tsohon bayan an sauya. Bakaniken kirki yana jin daɗin irin wannan mai mota, domin aikinsa na fita da kyau kuma ba a dawo masa da rigima. Yadda ake gane irinsa a cikin garejin da ke da oga goma da yara hamsin, da yadda ake yin ciniki da shi kafin a kwance noti ko ɗaya, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.